Haƙoran Aro

A ɗakin jira na gidan tsofaffi a Kisumu, wani tsoho ya ƙura wa ƙunshin Awino ido.

"'Yata, ƙanshin nama nake ji?"

"Na babana Owuor ne. Jiya nas ta gwada taunarsa da haɗiyarsa, ta ce zai iya cin nama."

"Ni kuwa ta ba ni biskit, na ƙware, ta yanke mini kunu har kabari."

"Ayya, Baba. Ba haƙora?"

"Akwai, na roba! Ɗakinmu ɗaya da ubanki. Jiya da safe ya ara, wai zai ɗauki hoto."

Awino ta san baki wayam ta kawo babanta gidan.

Tsohon ya miƙo hannu. "Raba biyu, zan tsotsa. Ko ki shiga ki ƙwato mini bakina."