Yaren Aljanun Fim

A tashar Birnin Kudu, muna jiran motar Gwaram ta cika, wata tsohuwa ta leƙa takardar saurayin da ke gefenta.

"Malam, rubutun sha ne?"

"A'a, Inna. Yaren aljanu na ƙirƙira wa fim ɗinmu. Wannan ƙugiyar, ɗan wasa ya ja iska ta hanci. Ɗigo biyu, ya yi gurnani. Jiya dariya aka yi ta yi. Darakta ya ce in aka sake, korata zai yi."

"Karanta in ji."

Ya karanta.

"Wannan ai akuya ce mai mura! Aljanin da ke kan mijina, shekara ashirin muna hira, bai taɓa jan hanci ba."

"Inna, nawa ƙirƙira ce."

"Goge ƙugiyar nan, ɗan nan."

Ya goge, ya matso kusa. "To shi yaya yake gaisuwa?"