Kunkurun Gidan Tarihi

A lambun gidan tarihin da ke tsakiyar tsohon gari, wani tela mai furfura yana jingine da shingen kunkuru, sai wata dattijuwa ta tsaya gefensa.

"Baiwar Allah, wai kunkurun nan ya haura shekara ɗari," in ji tela. "Namiji ne, ba shakka."

"Da me ka gane, Malam?"

"Duk shekarun nan bai ce uffan ba."

"Mace ce. Wa ke ɗaukar gida a baya in ba mace ba?"

Tela ya yi dariya har ya manta da agogon da yake ta dubawa.

"Wani kake jira?"

"'Yata ce ta matsa. Tun rasuwar uwarta take cewa kaɗaici zai kashe ni. Wai wata za ta zo mu gaisa a nan. Na yi sammako in hango ta, in mai surutu ce in sulale ta ƙofar baya."

"Ƙofar baya a kulle take."

"Ya aka yi kika sani?"

"Ita na fara dubawa. An ce min tela ne, ni kuwa tela bai taɓa cika min alkawari ba."

Kunkuru ya mayar da kai cikin gidansa. Tela ya ji ina ma shi ne.

"Ai ga ni kafin lokaci, Hajiya."

"Ni kuma mai surutu ce. Ga ƙofar gaba can a buɗe."

Ya gyara zaman hularsa.

"Bari dai mu gama shari'ar kunkurun nan tukuna."