Santsin Gadar da Ya Ɗauke Mana Garba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Sunana Sani, manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu.

Bara aka gina mana 'yar gada a kan rafin hanyar kasuwa, aka shafe samanta da siminti sumul kamar tangaran. Gefenta aka kafa allo da rubutun Turanci, mu duk mun ɗauka sunan ɗan kwangila ne.

Wata ranar kasuwa bayan an ɗauke ruwa, ƙanena Garba, ɗan kabu-kabu, ya hau gadar a babur ɗauke da buhun dawa. Taya ta zame, ya faɗa rafi, kansa ya bugi dutse. Kafin mu kai shi asibiti ya cika. Ya bar mata da goyo.

Wurin zaman makoki, wani malamin firamare ya ce mini, "Sani, ai allon nan gargaɗi ne. Kalmar da ke jiki, slippery, santsi take nufi. Daga slip ta fito, wato zamewa."

Da na shiga gida na gaya wa Inna, sai ta ce, "To mi ya hana su rubuta santsi? Ai Garba shina karanta Hausa."



Ga damina ta sake ƙaratowa. Jama'a, ku ba mu shawara, wa za mu kai wa kukanmu? Ina gaida abokan aikin Garba na Bukkuyum da Gummi. Don Allah, in kun iso gadar nan tana jiƙe, ku sauka ku tura.