Merv, Mai Rufe Mana Baya

Fasto Ingleby, da wakiliyar majalisar gari, da shugaban ƙungiyarmu ta masu hawan dutse Alastair Pybus, da 'yan kwana-kwana na sa-kai da na hango can baya. Glenys matar marigayi, da 'ya'yansa Narelle da Warwick, da jikoki. Jama'ar New Norfolk, sannunmu da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Sunana Coral Bester, ni ce mai jan gaba idan mun fita. Da aka ce in yi magana a kan Merv Triffitt sai da na yi dariya, don duk ƙungiyar nan babu wanda ya kai ni ƙarancin jerawa da shi. Shekara ashirin da shida ina gaba yana baya. Na yarda ne saboda wata tambaya da ya yi mini a asibiti ban amsa ba, kuma har yau tana cina.

Kun san dokarmu. Ba a wuce na gaba, ba a kuma barin kowa a bayan mai rufe baya. In babu mai rufe baya, babu tafiya. Tun rasuwar Merv ba wanda ya ce zai ɗauki gurbinsa, ga shi saura mako biyu ganyen bishiyar fagus ya sauya launi a dutsen Mount Field.

Ya kasance direban motar makaranta wanda bai taɓa tashi ya bar yaron da ya hango yana gudu ba. Ya kasance cikin masu kashe gobarar daji har gwiwarsa ta ƙi. Ya kasance mai tafiya da alawa a aljihun hagu, da gishiri a na dama don matsattsaku. Duk wanda numfashi ya gaza masa a hawa, Merv ba zai ce masa ya huta ba. Sai ya durƙusa yana fama da igiyar takalminsa.

"Ɗan jira ni, abokina, wannan igiyar ta raina ni."

Mu duka mun san ƙarya yake, kuma dukanmu mun ci moriyar ƙaryar.

Kowace kaka mukan hau mu ga ganyen nan da bai fi farce ba ya rine gefen tafkuna, rawaya da ja, kwana goma ya zube. Mu na gaba mukan isa mu buɗe shayi, mu cinye biskit ɗin Glenys. Shi kuwa sau da yawa yana can ƙasa, ya juya da wanda ya gaji. A shekara talatin da ya yi a ƙungiyar, sau biyar kacal ya isa saman.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Wata shekara hazo ya rufe mu, muka zo mararraba. Ƙa'ida ita ce ka tsaya sai na bayanka ya ga inda ka bi. Ban tsaya ba, ina sauri in riga ruwan sama. Wata sabuwar shiga mai suna Thelma ta bi ɗaya hanyar. Merv ya ga sawun takalmi guda a taɓo inda bai kamata ba, ya bi ta, ya dawo da ita bayan awa biyu tana rawar sanyi. A taron ƙungiya ya ce shi ne ya yi sakaci. Na zauna na bar shi ya ɗauki laifina. Thelma, kina nan, ki yafe mini.

A asibiti ya riƙo hannuna.

"Coral, wa zai riƙe baya bana?"

"Za a samu wani."

"Ke nake so."

"Ni? Merv, maganin nan ya taɓa maka kai. Ni da ko layin burodi ba na iya jira?"

"Ai shi ya sa. Kin san duk inda mutum ke ɓacewa, tunda ke kike barin su a can."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce za mu ƙarasa maganar ranar Laraba. Ran Litinin ya cika.

Ina kewarsa. Na saba in waiwaya daga kan tudu in hango jar hularsa can nesa, in san kowa na nan, in ci gaba. Sau biyu na fita ni kaɗai tun rasuwarsa, kuma ina ta waiwaye kamar wadda ta yar da wani abu.

Glenys, kin ba mu aron mijinki kowace Asabar ba ki taɓa ƙorafi ba. Narelle, Warwick, mutane da yawa a ɗakin nan sun koma gida lafiya saboda babanku. Ku riƙe wannan.

Alastair, rubuta sunana. Ka nemi wani ya ja gaba, ni ce a baya bana, da baɗi, har ƙafa ta ƙi. Ba ni da haƙurinsa, za ku ji ina mita, amma ba zan wuce kowa ba. Merv, amsar ke nan. Na makara da ita, ka yi haƙuri.

Mun gode wa duk wanda ya taso. Allah ya jiƙan Merv, ya ba shi hutu, ya sanyaya zuciyar iyalinsa. Mu kuma ya sauko da mu gida cikakku. Amin.