Wa Ya Ɗinka Rigar Shugaba?

Ranka ya daɗe Shugaban ƙungiyarmu ta teloli, wanda rigarsa ta haska zauren nan tun safe. Iyayenmu da almakashi ya yi wa yatsunsu kanta. 'Yan kwamitin ladabtarwa. Mata da maza ma'abota keke da zare, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni dama, a matsayin wanda ya fi kowa daɗewa a kan keke, in ce wani abu kafin a kaɗa ƙuri'ar rufe shagon baiwar Allahn nan da muke kira 'Yar Waya, matar marigayi mai gyaran kekunanmu, wadda da shagon take ciyar da marayu uku. Laifinta, in ji kwamiti, babu maigidan da ya yaye ta. A waya ta koyi ɗinki.

Laifi ne babba, jama'a. Na farko, ta tsallake tarbiyya. Ni shekara uku na yi ina shara, ina guga, ina wanke wa maigidana babur, kafin a bar ni in taɓa almakashi. Ita kuwa ranar farko malamin wayarta ya nuna mata yanka, bai aike ta ko sayen allura ba. Wannan wane irin malami ne?

Na biyu, ba ta san tsoro ba. Mu in ka tambayi maigida sau biyu, rula ce za ta ba ka amsa a bayan hannu. Ita da bakinta ta ce mini, "Baba, sau arba'in na mayar da bidiyo ɗaya baya, mutumin bai yi ko tsaki ba." Ku ji fa! Ilimi babu zagi!

Ban ce waya ba ta yaye 'yan shirme ba. Mun ga mai kallon minti biyu ya ɗinka wa ango wando, ƙafa ɗaya ta girmi 'yar'uwarta. Amma mu ma da takardunmu na yaye mun yi irin wannan, sai mu ce mai kayan ne ya karkace.

Na uku, nan bakina yake nauyi. Makon jiya Shugaba ya kawo mini yadi da hoto a wayarsa, ya ce irin wannan wuyan yake so ranar taro. Kwana biyu ina juya hoton, ina juya yadin. Shekara arba'in a sana'a, ban gane ta inda aka fara ba. Girman kai rawanin tsiya. Na ƙunshe yadin a leda, na bi ta bayan layi zuwa shagon 'Yar Waya kada a gan ni. Ba ta yi mini dariya ba. Ta jawo mini kujera, ta jingina wayar da kwalin zare, ta ce, "Baba, zauna mu kalla tare." Ita ta yanka, ita ta ɗinka. Ni maɓalli kawai na sa.

Ɗazu 'yan kwamiti suna shafa rigar suna yi mini barka: "Aikin manya daban ne, waya ba ta koyar da wannan!" Na amsa, amma wallahi kunya ta kusa kashe ni.

To, ku kaɗa ƙuri'arku. In takarda ake nema, ga tawa, a ba ta, tunda ita ta koyar da ni. In kuma rufewar za a yi, ranka ya daɗe, ka tuɓe rigar kafin ka sa hannu.

Allah ya jiƙan mijinta, ya raya marayunta, ya yi wa sana'armu albarka, ya mayar da kowa gida lafiya da rigarsa a jikinsa.

Na gode.