Wanda Ya Kori Jinkiri Daga Kunnen Inna

Assalamu alaikum.

Malamanmu da suka buɗe zaman nan da addu'a, Allah ya ƙara daraja. Dattawan unguwa, shugaban ƙungiyar masu ɗaukar sauti da jama'arsa, 'yan'uwana makaɗa da mawaƙa, sannunku da zuwa. Yayata, mahaifiyar mamaci, wadda kowa ke kira Inna, ƙanwarmu Auta, 'yata, uwar 'ya'yansa, jikokina da ke zaune a gaba: Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

An ce ni zan yi magana, don ni ne kawunsa, ni ne kuma mai gangar ƙungiyarmu. Duk wanda ya ba mai ganga fili, kada ya yi kuka in an daɗe. Amma zan yi ƙoƙari.

Mu dai Kunne muke ce masa. Yana rarrafe uwarsa ke ajiye shi a gefenmu in muna gwajin waƙa, kuma duk sadda mai sarewa ya kuskure, sai yaron ya tsandara ihu. Mai sarewa na nan zaune, ku tambaye shi. Har yau bai huce ba.

Ya kasance mutumin da ke saurara kafin ya buɗe baki. Ya kasance in lasifikar masallaci ta soma kuwwa, ba a aika masa, sai dai a gan shi a kan tsani. Ya kasance situdiyonsa, ɗan ɗakin nan mai soso a bango da fanka wadda ba a kunnawa sai an gama ɗauka, makaranta ne ga matasan da yau suke cin abinci da sana'ar. Wannan duk kun sani. Bari in faɗi wanda ba kowa ya sani ba.

Burinsa a duniya shi ne ya ɗauki waƙoƙin uwarsa tun tana da murya. Ya tara mu a ɗakin nan. A lokacin, akwatin da yake jona makirfo da kwamfuta baki biyu gare shi. Inna ta ɗauki ɗaya, sauranmu muka taru a kan ɗayan kamar 'yan tsaki a kan tsaba. Ya sa mata abin ji a kunne, ta ɗauko waƙa, sai ta tsaya.

"Ke Auta, ki daina taka min baki."

Auta, wadda ke yi mata amshi tun suna 'yan mata, ta ce, "Yaya, ni ko tari ban yi ba."

"To wace marar kunyar ce ke bina a baya?"

Auta ta toshe baki da hannu biyu don a shaide ta. Inna ta sake ɗaukowa, marar kunyar ta sake biyo ta. Muna ta dariya, sai muka ga fuskar Inna ta sauya. Ta gane muryar. Tata ce.

Ga abin da ya faru, yadda shi ya koya min. Murya tana shiga makirfo, ta bi ta akwati, ta shiga kwamfuta, sannan ta dawo kunnen mai waƙa. In hanyar ta yi tsawo, sai ta iso a makare. Makarar ko ƙiftawar ido ba ta kai ba, amma kunnen mawaƙi ba ya yafe ta. Jinkiri suke ce mata.

Inna ba ta san wannan ba. Ta cire abin, ta naɗe wayarsa a hankali, ta ce, "In mutum ya fara jin kansa biyu, lokacin komawa gida ya yi."

"Inna, ba ke ba ce, akwatin ne."

"Haka 'ya'ya ke cewa. Da ubanku ya fara mantuwa ma, cewa kuka yi gajiya ce."

Nan dariya ta ƙare. Duk mun ga yadda mijinta ya ƙarasa, bai gane ko 'ya'yansa ba. Yayata ta ɗauka layinta ne ya zo. Daga ranar ta rufe baki, ko a wajen shara ba ta waƙa.

Kunne bai yi mata gardama ba, ya san uwarsa. Sai ya ɗauke ni muka shiga shagunan kayan sauti neman sabon akwati. Mai shago ya sauko da wani mai fitilu kamar motar amarya, ya ce baki goma sha shida gare shi. Kunne ko kallon fitilun bai yi ba. Kawunanmu ya ƙirga: Inna, Auta, sarewa, jita, gangunana uku, da ɗaya na baƙo. Ya ce, "Takwas sun ishe mu. Bakin da ba mai shiga, ƙura kawai yake ci." Sai ya jona makirfo, ya rufe ido, ya ƙyasta yatsa.

"Kawu, ɗaya ka ji ko biyu?"

Na ce, "Ni yunwa na ji."

Ya ce, "Biyu ne. Wannan yana da inuwa." Ya mayar.

Mai shago ya ce, "Malam, sayayya ka zo ko duba?"

A hanya ya yi min bayani. Ya ce kwamfuta tana tara sauti a ɗan kwano kafin ta miƙa. Babban kwano yana daɗewa bai cika ba, shi ne jinkirin. In kuma ka ƙanƙanta shi a akwatin da ba shi da ƙarfi, sai ya dinga zuba, ka ji ƙaras-ƙaras a waƙa. Shi mai jure ƙaramin kwano yake nema. Ƙafafuna suka kumbura kafin ya samu: wani baƙi, mummuna, mai maɓalli guda da ke tura murya kai tsaye zuwa kunne ba sai ta je ta gaida kwamfuta ba. Yana kuma iya ba kowa nasa jin daban, don wai gangata ta cika surutu a kunnen Inna.

Saura shawo kan mai gayya. Bai roƙe ta ba. Cewa ya yi tunda ta ajiye, Auta za ta ja waƙa.

"Auta? Wadda ke shiga waƙa kamar akuya ta shiga gonar mutane?"

Auta, ki yi haƙuri, da ke aka ƙulla. Washegari sai ga Inna, wai gyara ta zo yi. Ta fizge abin kunnen don ta nuna yadda ake yi, ta rera baiti ɗaya, ta yi shiru tana jira. Babu mai binta. Ta sake rerawa, ta sake jira.

"Ina ta tafi?"

"Na sallame ta, Inna."

Ta kalle shi ta ce, "Ashe da sauran hankalina." Shi kuma ya duƙa ƙarƙashin tebur, wai waya yake gyarawa. Babu wayar da ta lalace.

Jama'a, mun ɗauki waƙoƙinta duka, saura guda, ciwo ya kwantar da shi. Ƙasa ta rufe idonsa, Inna ta sake rufe baki, kuma wannan karon babu akwatin da za mu ɗora wa laifi.

Yaya, ba zan ce ki daina kuka ba. Uwa ta binne ɗa, wa ke da bakin hana ta? 'Yata, ke kika jure miji mai tashi daga cin abinci don ya ji firiji ya sauya kuka, Allah ya saka miki. Jikokina, in an tambaye ku sana'ar ubanku, ku ce ya maido wa kakarku da kanta.

Shekaranjiya matarsa ta faɗa min abin da ban sani ba. Tun ranar da ya sayi akwatin nan, bai taɓa jona kowa a baki na ɗaya ba. Manyan mawaƙa sun zo, a na biyu ya sa su. Na ɗaya na Inna ne. Yau da safe na kai mata maganar, na ce masu ɗakin situdiyon suna tambaya ko a kwance kaya a rufe. Na miƙe zan fita. Ina bakin ƙofa ta ce, "Ku bar wayar makirfona a jone."

Mun gode wa duk wanda ya tako, da wanda ya aiko, da wanda ya yi addu'a daga nesa. Allah ya jiƙan Kunne, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya raya abin da ya bari. Allah ya ba yayata ƙarfin numfashi. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.