Kunnuwan Kansila

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ban yi nisa a boko ba. A tashar Anka na ji shi, tsakanin wata tsohuwar garinmu da wani baƙo mai fenti a farce.

"Ɗan nan, ka ga zanen bangon kasuwarmu? An zana kansila da ƙaton tumbi, zaune bisa ƙafaffiyar rijiya."

"Na ji labari, Inna. An ce har an yashe rijiyar."

"An yashe. Amma kansilan ni na haife shi, kuma mai zanen nake nema."

Baƙon ya cusa hannuwansa a aljihu. "Mi za ki yi mai?"

"Ya ɓata kunnuwan. Na ubansa ɗana ya ɗauko, fato-fato kamar faifai."

"Ai ranar hula ta rufe su, shi ya sa na..."

Tsohuwa ta tuntsire da dariya. "Shekara uku ina faɗan rijiyar nan, bai ji ba sai da ka zana shi. Ka zo ka gyara kunnuwan, kana ka zana mana hanyar asibiti."

Washegari na bi ta kasuwa. Na tarar da shi bisa tsani, tana ƙasa tana cewa ya ƙara musu faɗi.